Gangar Da Ta Ci Makaɗi

Da ma niyyata a wannan mako in tattauna da ku a kan tsadar taki da ta man fetur, yadda suke neman durƙusar da manoman rani. To amma sai wani al'amari ya sha gabana, wanda muddin ban sauke shi daga ƙirjina ba, ba na jin alƙalami zai yarda ya bi ni zuwa wata magana dabam. Shekaranjiya na komo daga Gashuwa, inda na je sadakar arba'in ta wani saurayi da na sani tun bai fara gemu ba. Shi dai ba basarake ba ne, ba ɗan attajiri ba ne, ba a kuma yi shelar rasuwarsa a rediyo ba. Da rana mai walda ne, da dare kuwa makaɗi. Ya bar duniya bai cika shekara talatin ba. Ba zan kama sunansa ba, ko na maigidansa, domin iyayensa suna nan da ransu, ba su kuwa roƙe ni in sa su a jarida ba. Amma da yake labarinsa ya shafi duk wanda yake da ɗa ko ƙane a gareji, zan ba da shi kamar yadda na san shi.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in ɗan kwatanta wa waɗanda ba su taɓa zuwa wannan yanki ba yadda yake. Nguru da Gashuwa garuruwa ne biyu maƙwabta a arewacin Jihar Yobe, jihar da aka cire daga cikin Jihar Borno ran 27 ga Agusta, 1991. Gashuwa tana bakin kogin Yobe, ita ce kuma mazaunin Mai Bade. Nguru kuwa tsohon gari ne na Galadiman Borno, a nan ne kuma hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano ta tuƙe a 1930. Jirgin nan shi ya mai da Nguru babbar matattara ta fatauci, inda ake tara gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama a yi Kudu da su. Inda kuwa jirgi da manyan motoci suka yi sansani, tilas ƙarfe ya yawaita, inda ƙarfe ya yawaita kuma tilas a sami masu gyaransa. Ta haka ne makanikai da masu walda suka kafu a garin, har ya zama iyaye daga ƙauyuka da garuruwan kewaye suna kawo 'ya'yansu koyon sana'a.

A kewayen garuruwan nan biyu ga dausayin Haɗeja da Nguru, wanda a shekarar 2000 aka sa wani yankinsa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Daga nan ake samun kifi da shinkafa da alkama da tattasai da albasa. To, noman rani na yau ba da jigo ake yinsa ba, da injin ban ruwa ake yi, inji kuwa sai da fetur, fetur kuma a ganga da jarka yake shiga ƙauyuka. Idan ganga ta tsufa ba a yar da ita. Wani ya raba ta biyu ya yi kwamin shayar da dabbobi, wani ya fasa ta ya yi abin bandar kifi, wani ya buɗe ta ya yi ƙyaure ko murhu. Galibin wannan aiki kuwa a hannun mai walda yake ƙarewa. Ku riƙe maganar gangar nan, za mu komo kanta.

Shi wannan yaro a Gashuwa aka haife shi, ubansa masunci ne. Mahaifiyarsa ta gaya mini tun yana rarrafe ba a ajiye kwano kusa da shi bai kaɗa shi ba. Da ya tasa, uban ya ga kifi yana ja da baya, su ba zai riƙe gida biyu ba, sai ya ɗauko shi ya kawo shi Nguru, ya danƙa shi hannun wani mai walda. A can na san shi, lokacin da aiki ya zaunar da ni a garin. Ƙyauren gidan da nake haya ya ɓalle, maigidansa ya turo shi ya gyara. Ina zaune a zaure sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙyauren nan a hankali, nan da can, kamar mai neman wani abu. Na leƙo na ce, "Kai yaro, gyara aka turo ka ko kiɗa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba Malam, ai kowane ƙarfe da muryarsa. Mai lafiya dabam yake amsawa, mai tsatsa a ciki dabam. In na saurare shi, shi zai gaya mini inda ke masa ciwo." Ya kuwa nuna mini wani wuri da fenti ya rufe, ya kankare, sai ga shi tsatsa ta cinye. Tun daga ranar nan muka saba.

Daga baya na gane ashe kunnen nan nasa ba a ƙarfe kaɗai ya tsaya ba. Yana da ganga wadda ya ɗinke da hannunsa, in an tashi daga aiki ya yi wanka, sai ya rataye ta ya nufi inda ake biki ko gayya. Yana kaɗawa yana waƙa, abokansa biyu suna amshi. Abin da ya ja hankalina ga waƙoƙinsa shi ne, ban taɓa jin ya wasa mai kuɗi don a ba shi ba. 'Yan dako yake yi wa waƙa, da matan da ke kwana gaban hayaƙi suna bandar kifi, da masu tuƙa kwalekwale, da yaran gareji 'yan'uwansa waɗanda baƙin mai ya rine wa farce. Yana da wata waƙa ta ban dariya a kan mutumin da ya kawo gyara ya ce gobe zai biya, goben da har yanzu ba ta waye ba, wadda in ya ɗauko ta sai ka ga masu sana'a suna dafe ciki, wasu kuma suna sunkuyar da kai. Na taɓa ce masa, "Ɗana, da baiwar nan taka, me zai hana ka bar walda ka kama kiɗa sosai?" Ya ce, "Baba Malam, kiɗa sai da biki, biki kuwa sai da kaka. Walda ita ke ciyar da Inna rani da damina." Burinsa biyu ne, ya yi aure, ya kuma tara abin da zai kai shi Kano a ɗauki waƙoƙinsa yadda ya kamata. Ko ɗaya bai samu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka haɗa sana'a da kiɗa wani baƙon abu ne. A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, maharba suna da garaya, maƙera kuma suna da dundufa. Manyan mawaƙanmu ma da yawa daga cikin masu neman na kansu suka fito. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi tallar goro da alewa kafin waƙa ta ɗauke shi. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, malamin makaranta ne. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, watau ya ɗauko yaron da ke kwana a kan kaya ya sa shi a bakin duniya. Nan kusa kuma Haɗeja ta fitar da Haruna Uji da gurminsa. A kan wannan tsohuwar turba yaron nan yake, domin mai walda magajin maƙeri ne. Ba na cewa da ya rayu da ya kai waɗannan, wannan sanin sai Allah. Abin da nake cewa shi ne, kowane ɗayansu ya taɓa zama saurayin da ba wanda ya san shi sai mutanen unguwarsu.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda waɗanda suke wurin suka gaya mini. Ana tsakiyar bazara, lokacin da zafin Nguru yakan haura digiri 40, da hantsi wani mutum ya turo tsohuwar gangar fetur a baro, yana so a yanke masa ita zai yi bandar kifi. Maigida ba ya nan, ya tafi sayen kayan aiki. Mai gangar ya ce ta daɗe a ajiye babu komai a ciki, har ya ɗauraye ta da ruwa. Ban kuwa yi zaton ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Yaron ya girgiza ta bai ji motsin komai ba. Ya ƙwanƙwasa ta kamar yadda ya saba, ta amsa masa da muryar fanko. Ya aiki ƙananan yara biyu da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa su sayo ruwan sha, ya kunna wuta, ya sunkuya. Ƙarar da ta tashi har kasuwa an ji ta. Marfin gangar ya ɓalle ya same shi, wuta kuma ta kama tufafinsa. Aka garzaya da shi asibiti, ma'aikata suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin asuba rai ya yi halinsa. Yaran nan biyu kuwa aiken ruwa ne ya zama sanadin tsirarsu. Mutumin da ya yi rayuwarsa da ganga a kafaɗa, wata ganga ce ta zama ajalinsa.

A wurin zaman makoki, da kuma ranar arba'in, magana guda na yi ta ji daga bakin kowa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, mutuwa rigar kowa ce, ba kuwa wanda zai ƙara wa kansa ko daƙiƙa guda. Wannan magana ita ke sanyaya zuciyar uwa da uba, ni ma da ita na yi musu ta'aziyya. To amma ina tsoron mun mai da ita murfi, muna rufe tukunya da ita don kada mu ga abin da ke ciki. Malamanmu suna ba mu labarin Sayyadina Umaru, lokacin da ya doshi ƙasar Sham aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da manyan sahabbai, sa'an nan ya juya da jama'arsa, bai kuma ɗauki juyawar nan a kan rashin yarda da ƙaddara ba. Hausawa ma sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka bayan mun yi haƙuri da abin da Allah ya hukunta, wajibinmu ne mu duba inda bangon ya tsage, domin akwai sauran yara a gindinsa.

To ina tsagar take? Tana cikin wani ɗan ilmi da za a iya koya wa yaro kafin shayi ya huce, amma ba wanda ya koya masa, domin maigidansa ma ba a koya masa ba. Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Fetur kuwa yana fitar da tururi ko a cikin tsananin sanyin hunturu, balle a bazarar Nguru. Masana sun auna sun ga idan tururin fetur ya kai kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar da ke wuri, har zuwa kimanin kashi bakwai da rabi, to tartsatsi guda ya isa ya tayar da shi. Gangar da muka sani tana cin lita 200. Idan aka yi lissafi, fetur cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci, in ya zama tururi, ya isa ya mai da ita bom. Wannan ɗan kaɗan kuwa yana iya maƙalewa a lungun da aka naɗe bakin ganga, ko a ƙarƙashin tsatsa da dauɗa, inda girgizawa ba ta nuna shi.

Bugu da ƙari, tururin fetur ya fi iska nauyi, ninki uku ko fiye, saboda haka ko an bar ganga a buɗe ba ya tashi ya fice kamar hayaƙi, sai ya kwanta a gindi ya yi zamansa. Ɗauraya da ruwan sanyi kuma ba ta fitar da shi, tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa. Kada kuma wani ya ce tasa gangar ta man gas ce ko ta baƙin mai, ba ta fetur ba, domin da zarar wutar walda ta gasa ƙarfen, ragowar man da ke ciki zai zama tururi, ƙarshen duk ɗaya ne. Watau dai gangar da muke kira fanko ba fanko ba ce, cike take da abin da ido ba ya gani. Haka tankin mota, haka na babur, haka na tanka. Kunnen yaron nan bai yi masa ƙarya ba, ya gaya masa babu ruwan mai a ciki, kuma babu ɗin. Sai dai tururi ba shi da murya.

Akwai kuma wata tsaga da ke cikin al'adarmu. Mun gaji kirarin cewa wuta ba ta cin maƙeri, mun ga 'ya'yan maƙera a wurin wasa suna riƙe jan ƙarfe suna rawa. Wannan jaruntaka ta bi jini ta shiga gareji, har ya zama yaron da ya nemi tabarau ko safar hannu, ko ya ce yana tsoron wata ganga, dariya za a yi masa a ce matsoraci ne. Alhali kuwa wutar maƙera ta gawayi ce, tana gabanka kana ganinta, kai ke zuga ta, kai ke rage ta. Kakanninmu sun san wutarsu ciki da bai, shi ya sa suka yi wasa da ita. Mu kuwa mun karɓi fetur da gas da lantarki daga hannun wasu, ba mu karɓi ka'idodin da suka zo da su ba. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, mu namu kiɗan ya sauya tuntuni, muna nan muna taka tsohuwar rawa.

Wani zai tambaya, shin babu doka ne? Akwai. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa wutar walda ko ta yanka a jikin tanki ko mazubin da ya taɓa ɗaukar abu mai kamawa da wuta, sai an bi duk hanyar da za a iya an kawar da abin da tururinsa. Akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar diyya ta 1987. Ita wannan ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, domin idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani a biya shi diyya, idan kuma ya mutu a riƙa tallafa wa waɗanda yake ciyarwa. Abin lura shi ne, dokar ba ta tsaya ga masu takardar ɗaukar aiki ba, ta haɗa har da wanda aka ɗauka da baki, da ɗan ƙwadagon yini, da mai koyon sana'a. To amma ku je rumfunan walda na Nguru ko Gashuwa, ko na Kano da Zariya da Sakkwato, ku tambayi masu aiki ko sun taɓa jin labarinta. Ni dai na tambaya a wurin makokin nan, ban sami wanda ya sani ba. Abin da uwar yaron nan ta samu shi ne abin da abokan sana'arsa suka haɗa a hula, Allah ya saka musu da alheri.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a ƙiyasin da ta fitar a 2023, ta ce kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara ta sanadin aikin da suke yi, kimanin 330,000 daga cikinsu ta hanyar haɗari a wurin aiki, saura kuwa ta cututtukan da aikin ke jawowa. Tun 2003 ta keɓe ranar 28 ga Afrilu don tunawa da wannan matsala. A ƙasarmu, sai abu ya yi muni ƙwarai muke ji, kamar gobarar da ta hallaka ma'aikata masu yawa a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas cikin Satumba, 2002. Amma mai walda guda a Nguru, da mahaƙin rijiya guda a wani ƙauye, da yaron injin niƙa da bel ya fizge, waɗannan ɗai-ɗai suke tafiya, a yi musu salla a rufe su, washegari a buɗe shago. Wanda ba a rubuta mutuwarsa ba, ba za a koyi darasi daga gare ta ba.

Saboda haka ina da roƙo, zan kuma fara da iyayen gida masu shaguna, domin su aka danƙa wa amanar 'ya'yan mutane. Ku kafa doka a rumfunanku, wadda ba a karya ta ko kuna nan ko ba ku nan, cewa ba a sa wuta a jikin ganga ko tanki a kan maganar mai shi kawai. A kwance duk marafanta, a wanke ta sosai da tafasasshen ruwa da sabulu ko soda, sa'an nan a cika ta da ruwa har zuwa dab da inda za a yi aiki, a bar kafa a buɗe. Inda kurfi da guduma za su iya yanka, a bar wuta ta huta. Inda kuwa aka yi shakka, a mayar wa mai ita da kayansa, kuɗin yankan ganga bai kai kuɗin likkafani ba. A ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi a kusa. Idan kuma wani ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har kimanin minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, kada a shafa baƙin mai ko ƙwai ko man goge baki.

Na biyu, ƙungiyoyin masu walda da na makanikai, waɗanda ba sa fashin karɓar kuɗin wata, su ware yini guda a shekara su tara yaransu a koya musu wannan, su kuma aika wakilai ofishin NSITF da na Ma'aikatar Ƙwadago su tambayo yadda 'ya'yansu za su shiga cikin tsarin diyya. Na uku, hukumomin da aka kafa domin horar da masu sana'a, irin su ITF da aka kafa tun 1971 da kuma NDE, su sani koya wa yaro riƙe kan walda rabin aiki ne, sauran rabin shi ne koya masa yadda zai koma gida da yamma. Na huɗu, sarakunanmu da limamanmu da gidajen rediyo. Kalma guda daga fadar Mai Bade ko ta Sarkin Nguru, ko tunatarwa guda a huɗubar Juma'a, ta fi takardar gargaɗi dubu da aka rubuta da Turanci aka liƙa a bangon ofis. Mu kuma masu kai gyara, mu daina azalzalar yara muna cewa sauri muke yi.

Akwai hasara ta biyu da ba zan rufe ban ambata ba. Waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya suna nan tare da mu domin gidajen rediyo irin na Kaduna da kamfanonin faifai sun ɗauke su, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun bi makaɗa sun rubuta tarihinsu. Na yaron nan kuwa, abin da ya rage shi ne guntaye biyu ko uku a wayoyin abokansa, cikin hayaniyar biki, sai abin da 'yan amshinsa suka riƙe a ka. Gashuwa tana da Jami'ar Tarayya tun 2013, tana kuma da kwalejin horon malamai. Ina roƙon malaman harsuna na waɗannan makarantu su tura ɗalibansu cikin unguwanni da ƙauyuka su ɗauko waƙoƙin Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulanin wannan yanki tun masu su suna da rai, kada a jira sai mutum ya yi suna, domin wani ba zai kai ba.

Da zan baro Gashuwa na shiga cikin gida in yi wa mahaifiyarsa sallama. Na tarar da ita a kan tabarma, gangarsa tana rataye a bango bisa kanta, abokansa ne suka kawo mata daga Nguru. Na ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri da godiya, Malam." Muka yi shiru. Can sai ta nuna mini wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Ƙanensa ne. Shi ma waldar yake so, ubansa ya ce bayan salla za a kai shi. Malam, kai da ka yi karatu, in bar shi ya tafi?" Na rasa abin da zan ce mata nan take. Daga bisani na ce ta bar shi, domin sana'a ba ta kashe wansa ba, rashin sanin abu guda ne, ni kuma na ɗauki alkawarin zan raka shi da ƙafata, in zauna da wanda za a ba shi, in gaya masa abin da na gaya muku yau.

Wannan alkawari nawa na yaro guda ne. Sauran dubbai suna hannunku. Duk wanda ya karanta wannan shafi, in yana da mai walda a unguwarsu, don Allah ya tsaya a rumfarsa gobe da safe ya karanta masa, ko ya gaya masa da baki. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyayensa haƙurin rashinsa, ya kuma tsare mana sauran masu neman halaliyarsu. Maganar taki da manoman rani kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.